Tumbi da Maƙwabtansa: Waiwaye Kan Karatun Hoton Ciki

Tumbin ɗan Adam ba shi da siffa ɗaya tak da za a ce ita ce tasa. Zanen nan mai lanƙwasa da ake nuna wa ɗalibai a littafin makaranta siffarsa ce idan mutum yana tsaye, da ɗan abinci a cikinsa, sauran kayan ciki kuma kowanne yana inda Allah Ya ajiye shi. Da mutum ya kwanta, ko ya ja dogon numfashi, ko iska ta taru masa a babban hanji, sai siffar ta sauya. Nama ne mai laushi, ga shi kuma a tsakiyar cunkoso. Ɓangaren hagu na hanta ya rufe shi ta gaba da sama. Saifa tana manne da shi ta hagu, can ƙarƙashin haƙarƙari. A bayansa fankiriyas ne kwance a gicciye, wato gaɓar da ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci, sai ƙodar hagu da ɗan ƙullutun da ke zaune a bisa kanta. Babban hanji ya ratsa ta ƙasansa, matsarmama tana dab da mafitarsa ta dama, zuciya kuma tana sama, tantani ɗaya ne tsakaninsu. Duk wanda ya ƙara girma a cikin waɗannan, ko ya ɗan gusa daga mazauninsa, tumbi ne zai matsa masa.

Daga nan tambayar da ta fi shekara ɗari tana wahalar da masu karanta hoton ciki ta samo asali. An ga tudu ya turo cikin tumbi: daga jikin tumbin ya tsiro, ko wani ne daga waje ya danno shi? Wanda ke zaune cikin shingen zana, ya ga zanar ta kumburo ta wajensa, yana iya cewa ta lalace ne, alhali jaki ne ya jingina da ita daga baya. Amsar ita ke raba wanda za a ce wa ya tafi gida lafiyarsa lau da wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata, ita ce kuma ke nuna wa likita gaɓar da ya kamata ya bi. Na'urori sun sauya sau da dama tun daga lokacin da aka fara yin wannan tambaya. Abin da na lura da shi, a matsayina na wanda ya tarar da ƙarshen zamanin bariyam, farin ruwan da ake sha domin ɗaukar hoton ciki, kuma ya ga shigowar na baya, shi ne kowace na'ura ta warware ruɗun wadda ta gabace ta, sannan ta zo da nata.

Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a garin Würzburg na Jamus a watan Nuwamba na 1895. Ƙashi ya fito sarai, amma tumbi da hanji ba su fito ba, domin hasken yana ratsa su kamar babu su. Wani ɗalibin likitanci a Harvard ta Amurka, Walter Cannon, shi ya riƙa haɗa wa dabbobi abinci da sinadarin bismut mai tare haske, yana kallon yadda tumbin kyanwa ke motsi, ya wallafa abin da ya gani a 1898. A 1904 Hermann Rieder na Munich ya tsara yadda za a yi wa mutane irin wannan, kuma wajen 1910 bariyam ya maye gurbin bismut saboda ya fi araha, ya fi aminci. Tun daga lokacin, har kusan shekara saba'in, duk wanda ake zargin gyambon ciki ko sankara a tumbinsa, farin ruwan nan mai kauri zai sha.

Tun a farkon lamarin aka fara tuntuɓe. Likitoci sun saba ganin tumbi a jikin gawa ko a kan teburin tiyata, mutum yana kwance. Da suka gan shi a jikin mai rai yana tsaye, musamman dogon mutum siriri, sai suka ga ya zubo har kusan mara, nauyin bariyam ma ya ƙara ja shi ƙasa. Aka ce ai tumbin ne ya faɗi, aka mai da abin cuta, har wasu likitocin tiyata a Turai, irin su Thorkild Rovsing na Copenhagen, suka riƙa buɗe ciki suna ɗinke tumbin a sama. Sai da aka daɗe kafin a yarda cewa yawanci ƙirar jiki ce kawai: gajere kakkaura tumbinsa a gicciye yake a sama, dogo siriri nasa a tsaye yake.

Ya kamata a fahimci abin da bariyam ke nunawa. Ba ya nuna naman tumbi, ba ya nuna maƙwabta. Inuwar ramin ciki kawai yake bayarwa, wato sararin da ruwan ya cika. Inda wani abu ya turo, ruwan zai kauce, sai a ga giɓi a jikin farar inuwa. Daga wannan giɓi ne mai karatu zai yi ta lissafi. Shi ya sa aikin bai taɓa zama na ɗaukar hoto ɗaya a sallami mutum ba. Majiyyaci zai kwana bai ci komai ba, da safe a tsayar da shi a bayan allo, likita yana kallon ruwan yana sauka a lokacin da ake haɗiyarsa. Kafin a samu na'urar ƙara haske a shekarun 1950, ɗakin baƙi ƙirin yake, likita kuma sai ya yi kusan minti ashirin sanye da jan tabarau domin idonsa ya saba da duhu. Yana da safar hannu mai dalma da yake danna ciki da ita. Tebur kuma yana karkata, a kwantar da mutum, a tayar da shi, har a ɗan sunkuyar da kansa ƙasa.

"Baba, ƙara kurɓa ɗaya. Yauwa. Juya ta hagunka. Ja numfashi, riƙe, kar ka saki. To, saki." Haka za ka ji ana yi har a gama, dattijo yana ɓata fuska saboda ɗanɗanon alli, yana cewa, "Likita, wannan kunun naku babu gardi." Amma a cikin wannan juye-juyen ne amsar take. Tudun da ya tsiro daga jikin tumbi, duk inda tumbin ya je yana tare da shi. Wanda na waje ne yakan rage ko ya ɓace idan aka juya mutum, ko aka cika tumbin sosai, ko ya ja numfashi hanta da saifa suka sauko. Siraran mutane idan sun kwanta rigingine, ƙashin bayansu kansa yakan raba bariyam gida biyu, ya bar giɓi a tsakiya mai tsoratarwa. Ana kifa mutum ko a tayar da shi tsaye, giɓin ya tafi. Haka bakin haƙarƙari ke yi ta gaba. Iskar da ta taru a kwanar babban hanji ta hagu kuma takan tura saman tumbi ya lanƙwashe baya, bariyam ya fara taruwa a can kafin ya malalo ƙasa, wanda bai saba ba ya zaci wani abu ne ya shaƙe tumbin.

Bayan motsi sai kusurwa. Ana duba yadda gefen tudun ya haɗu da bangon tumbi. Abin da ya tsiro daga fatar ciki yakan tashi tsaye da kaifin kusurwa, fuskarsa da kaushi ko da rami, layukan fatar kuma sun yanke a wurin. Wanda ke binne cikin kaurin bango, ƙarƙashin fata, yakan yi sumul, gefensa ya tashi kusan a miƙe. Na waje kuwa gangare yake yi a hankali, ba ka iya cewa ga inda ya fara ga inda ya ƙare, layukan fata suna bi ta kansa lafiya lau, sai dai sun ɗan baje. Tsofaffin malamai sukan ce ka ƙarasa da'irar a zuciyarka: idan tsakiyarta ta faɗa wajen tumbi, nemi mai laifi a waje.

Abin da ya fi burge ni a wannan zamani shi ne yadda suka mai da matsalar ta zama makami. Tunda babu hanyar ganin fankiriyas ko saifa kai tsaye, sai tumbi ya zama ɗan rahoto. Idan an ture shi zuwa dama da ƙasa, da lotsawa a babban gefensa, saifa ce ta girma. Idan ƙaramin gefen ne aka danno ƙasa da hagu, a tuhumi hanta. Idan an ɗauki hoto ta gefe aka ga tazarar da ke tsakanin tumbi da ƙashin baya ta buɗe, akwai abin da ke bayansa, ko jakar ruwa a fankiriyas, ko ƙari a ƙoda, ko kaluluwa. Wani likita mai suna Frostberg ya bayyana a 1938 yadda kumburin kan fankiriyas ke sa bangon farkon ƙaramin hanji ya yi siffar lamba 3 a juye, kuma har yau ana tambayar ɗalibai wannan a jarrabawa, ko da yake da wuya su taɓa ganin ta a wurin aiki. Hatta likitocin zuciya sun ci moriyar dabarar: kafin zuwan hoton zuciya na sauti, haɗiyar bariyam ce ke nuna cewa ɗakin zuciya na sama ta hagu ya faɗaɗa, domin yakan danna bututun abinci ya lanƙwasa shi baya.

Kada dai ƙaunar da ta sa a rufe gaskiya. Wannan karatu yana kuskure, kuma ba kaɗan ba. Ƙari sai ya yi girma sosai kafin ya taɓa tumbi, don haka sankarar fankiriyas da bariyam ya nuna, galibi ta riga ta wuce magani. Ƙarin da ya tsiro daga bangon tumbi amma ya girma ta waje, da na maƙwabci da ya mamaye bangon, inuwarsu ɗaya ce. Rahoto da yawa yakan ƙare da "akwai alamar danni daga waje", likitan tiyata kuma ya buɗe ciki don kawai ya ga mene ne. Wasu an buɗe su an tarar da saifa ce lafiyayya da ta ɗan karkata.

A ƙasashenmu tambayar tana da wani nauyi na daban, saboda maƙwabtan tumbi a nan sun fi yawan kumbura. Littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka suna ɗaukar babbar saifa a matsayin abin da ba kasafai ake gani ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, saifar yara da yawa ana taɓa ta da hannu. Akwai kuma manya da jikinsu ke wuce gona da iri wajen yaƙar cutar, saifar ta yi ta girma har ta gangaro cibiya ko ta wuce. An yi nazarin wannan sosai a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin shekarun 1970, lokacin da wani likita mai suna Brian Greenwood yake can, kuma ƙa'idojin gane cutar da Y. M. Fakunle ya fitar a 1981 har yanzu su ake ambato: saifa ta sauko aƙalla santimita 10 ƙasa da haƙarƙari, wani nau'in garkuwar jini ya hau sosai, sannan ta riƙa raguwa idan an daɗe ana shan maganin zazzaɓin. Irin wannan majiyyaci yakan zo ne da kukan cewa ko loma kaɗan ya ci sai ya ji ya ƙoshi, domin saifar ta matse tumbin. Ga tsargiyar hanji a wuraren noman rani, wadda ke taurara hanta ta kumbura saifa. Ga cutar kala'azar a yankin Gadarif na gabashin Sudan. Ga yara masu sikila kafin saifarsu ta shanye. Ta ɓangaren hanta kuma ga sankarar da ciwon hanta nau'in B ke haifarwa, ga ƙurjin amiba da ke tara mugunya, wanda idan ya zauna a ɓangaren hagu, kan tumbi yake kwanciya. Tarin fuka ma yakan kumbura kaluluwar da ke bayan tumbi. Likitan da ya ɗora hannu a cikin majiyyaci kafin ya kunna na'ura, sau da yawa ya riga ya san wanda zai gani yana danni.

Japanawa ne suka kai bariyam ƙololuwarsa. Sankarar tumbi ta addabe su, sai Hikoo Shirakabe da Heizaburo Ichikawa da abokan aikinsu a Jami'ar Chiba suka inganta dabarar haɗa bariyam da iska a shekarun 1950 da 1960: ruwa kaɗan ya shafe bango, garin da ke kumfa ya hura tumbin, allura ta kwantar da motsinsa, sai fatar ciki ta fito dalla-dalla. Da wannan suka riƙa tantance jama'a, kuma ya zama shirin ƙasa baki ɗaya a 1983. Sai dai tumbin da aka hura sosai ya fi mannuwa da maƙwabtansa, don haka sawun saifa da na hanta suka ƙara bayyana a hoton lafiyayyun mutane.

Burin leƙawa da ido kuwa ya girmi eksire. A 1868 Adolf Kussmaul ya zura miƙaƙƙen bututun ƙarfe a cikin wani mai wasan haɗiye takobi a Freiburg, bai ga abin kirki ba saboda rashin haske. Rudolf Schindler ya fito da mai ɗan lanƙwasuwa a 1932, kamfanin Olympus ya ƙera 'yar kyamarar da ake haɗiyewa a 1950, sannan a 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan, ya haɗa bututu mai zaren gilashi da ke lanƙwasa yadda ake so, ya fara gwada shi a kansa. Daga shekarun 1970 wannan bututun leƙe, wato endoskofi, ya fara ƙwace aikin bariyam, kuma da hujja: yana ganin launi, yana ganin ƙaramin gyambo, yana iya gutsuro nama a kai gwaji.

Mun ɗauka gani ya kori ji. A kan gyambo da sankarar da ke fatar ciki, haka ne. A kan tambayarmu kuwa, mai leƙe yana cikin tumbi ne, abin da yake gani tudu ne da lafiyayyar fata ta lulluɓe, bai san abin da ke ƙarƙashi ba. A kusan kowane leƙe 300 akan ci karo da irin wannan tudu sau ɗaya, kuma bincike daban-daban ya nuna kaso mai tsoka daga cikinsu, har kusan ɗaya cikin uku a wasu wuraren, danni ne daga waje. Mafi yawan masu dannin ma lafiyayyu ne: saifa a saman tumbi ta baya, jijiyar jinin saifa da ke nannaɗewa idan shekaru sun ja, gefen hanta ta gaba, cikakkiyar matsarmama kusa da mafita. Masu leƙe sun koma ga dabarun magabata ba tare da sun ce haka suke yi ba. A ƙara iska a rage, a ga ko tudun zai baje. A juya majiyyaci daga gefen hagu zuwa rigingine. A duba ko yana zamewa da numfashi, ko yana bugawa tare da zuciya. A dungure shi da rufaffen hantsaki: idan ya lotsa ya dawo, wataƙila kitse ne, idan ya yi tauri yana gudu ƙarƙashin fata, a yi hattara. Duk da haka, lokacin da aka auna hasashen ido da abin da aka tabbatar daga baya, an ga ido yana yawan ɗaukar na waje a matsayin na bango.

Hantsakin nan shi ne sabon haɗarin da zamanin bariyam bai sani ba. Abin da yake gutsurowa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, fata ce zalla, don haka sakamako yakan dawo da cewa ba a ga komai ba, ko an ga ɗan kumburin fata, majiyyaci ya biya kuɗi bai samu amsa ba. Wanda ya ce bari ya haƙa ya zurfafa kuma, idan tudun jijiyar jini ce da ta kumbura, ya jawo zubar jinin da zai yi wuyar tsayarwa. A yankin da ciwon hanta da tsargiya suke da yawa, kumburarrun jijiyoyi a saman tumbi ba baƙi ba ne, kuma wani lokaci ba sa nuna shuɗin da zai tona su. Tudu mai santsi a saman tumbin mutumin da saifarsa ta girma, ni a wurina, ba wurin gwada hantsaki ba ne sai an san abin da ke cikinsa.

Me ya sa ba za a ƙyale kowane tudu mai santsi ba? Saboda cikin waɗanda ke binne a bango akwai wani ƙari da likitoci ke kira da gajeren suna GIST, wanda kan iya zama mugu. Da can ana haɗa shi da ƙarin tsoka, sai a 1998 Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Japan suka gano sauyin ƙwayar halittar da ke haddasa shi, a 2002 kuma aka amince da maganin imatinib a kansa. Wanda ya wuce santimita 2 a tumbi akan ba da shawarar cire shi. Tun daga nan kuskure ya zama mai tsada ta kowane ɓangare: ka kira ƙari danni, ka bar abin da ke da magani ya girma, ka kira danni ƙari, ka yanka lafiyayye.

Abin da ya sauya lamarin daga tushe shi ne samun damar ganin maƙwabtan su kansu. Sikanin na sauti ya yaɗu a shekarun 1970 da 1980, kuma ko da yake iskar cikin tumbi tana tare masa hanya, hanta da saifa da matsarmama da ƙoda yana nuna su cikin 'yan mintoci, babu haske mai illa, babu tsada. Siti sikan kuwa, wanda Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙirƙira aka fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971, ya yanka jiki faifai-faifai, ya nuna tumbi da bangonsa da wanda ke jingine da shi a hoto ɗaya. Na farko a Nijeriya an kafa shi a asibitin koyarwa na Ibadan a 1987, kuma an daɗe kafin ya zama abin da mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram zai samu ba tare da doguwar tafiya ba. Lissafin kusurwa da tazarar bayan tumbi, wanda aka yi shekaru ana koyo, sai ya zama tarihi cikin ɗan lokaci.

Shi ma ya zo da nasa ruɗun. Tumbin da babu komai a cikinsa yakan tattare, bangonsa ya yi kauri a hoto har a zaci sankara ce, shi ya sa ake ba majiyyaci ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya ya sha dab da shiga na'ura. Inda aka yi sakacin wannan, rahoto ya gurɓace. Mahaɗar bututun abinci da tumbi takan fito kamar dunƙule saboda yadda faifan ya yanke ta a karkace. 'Yar aljihun da wasu ke da ita a bayan saman tumbi tun haihuwa takan zauna daidai inda ƙullutun kan ƙoda yake, a rubuta cewa ƙari ne a can. Akwai kuma ƙaramar saifa ta biyu, wadda aƙalla mutum ɗaya cikin goma yake da ita, wani lokaci takan manne da tumbi ta yi kama da tsiro. Sannan ƙarin da ya yi girma sosai ya cike tsakanin tumbi da fankiriyas da hanta, ko siti sikan yakan rasa gane daga wa ya fito, sai an bi jijiyar da ke ciyar da shi. Hasken da mutum ke sha a hoton ciki ɗaya kuma ya kai kimanin wanda zai samu daga muhallinsa cikin shekara uku, don haka ba abin maimaitawa ba ne don kwantar da hankali kawai.

Wadda ta fi kusa da rufe tambayar ita ce na'urar da ta haɗa biyun, endoskofi mai kan sikanin a bakinsa, da aka fara bayyanawa a 1980. Ana manna ta a jikin tudun daga ciki, sai bangon tumbi ya fito hawa biyar, fari da baƙi suna bin juna. Idan hawa biyar ɗin sun bi ta kan tudun ba su yanke ba, na waje ne, kuma ga mai dannin nan a bayansu ana kallo. Idan daga hawa na huɗu ya fito, wato tsoka, a yi zargin GIST. Idan jini ne ke gudu a ciki, na'urar za ta nuna da launi. Daga 1992 kuma, bayan aikin Peter Vilmann a Copenhagen, ana iya zura siririyar allura ta cikinta a ɗebo ƙwayoyin abin. Matsalar ita ce tsada da ƙarancin waɗanda suka iya. A yawancin garuruwanmu labarinta kawai ake ji.

To, a nan ne nake ganin mun yi asarar wani abu da bai kamata ya tafi tare da bariyam ba. A ɗakin duhun nan, wanda ya karanta hoton shi ne ya ga majiyyaci, ya taɓa cikinsa, ya juya shi, ya tambaye shi tun yaushe. Yau aikin ya rarrabu. Mai leƙe a wata cibiya yake, mai siti sikan a wata, wanda zai rubuta rahoto kuma wataƙila a wani gari yake, hoton ya iso masa ta intanet da takardar da aka rubuta wa "ciwon ciki" kawai. Bai san an ga tudu a bangon baya ba, balle ya nemi a cika tumbin da ruwa ya duba wurin. Takardar sakamako kuma hannun majiyyaci take fara shiga. Ɗansa zai ɗauki hotonta da waya, ya nemi ma'anar kalmomin, kafin gari ya waye dangi sun ji cewa an ga ƙari a cikin Hajiya. Na ga iyalin da suka fara maganar sayar da gona a kan tudun da daga baya sikanin na 'yan mintoci ya nuna matsarmama ce cike saboda azumin da aka sa majiyyaciyar ta yi kafin leƙen.

Ina ganin rubutun rahoto ya cancanci kulawar da ake ba na'ura. Mai leƙe ya faɗi inda tudun yake, bangon gaba ko na baya, sama ko kusa da mafita, girmansa, ko ya sauya da juyi da iska, ko yana bugawa, sannan ya ambaci maƙwabcin da ke zaune a wurin. Jumla ɗaya mai cewa "wannan wuri ne da saifa ta saba dannawa, a duba da sikanin" tana iya tare wa iyali wata guda na fargaba. Inda babu na'urar hawa biyar, tsarin da ya dace da aljihun mutanenmu a bayyane yake: hannu a ciki tukuna, sai sikanin, sai siti sikan da tumbi cike da ruwa idan shakka ta rage, hantsaki kuma ya jira. Bariyam kansa bai mutu ba. Idan ana son ganin yadda abinci ke wucewa, ko tumbi ya murɗe, ko wani sashensa ya haura ƙirji, har yanzu kallon ruwan yana tafiya ya fi hoto tsayayye bayani, sai dai masu iya yin sa da kyau suna ƙarewa, matasa kuma ba su cika samun inda za su koya ba.

Akwai wuri ɗaya da dannin maƙwabci ya tashi daga abin ruɗu ya koma abin nema. Bayan fankiriyas ya yi mummunan kumburi, ruwa yakan taru a bayan tumbi, cikin mako huɗu ko fiye ya yi wa kansa jaka mai kauri, ta turo bangon baya har mutum ya kasa cin abinci, ya yi ta amai. Da can buɗe ciki ake yi, a tsaga tumbi ta gaba, a huda bangon bayansa a ɗinke shi da jakar domin ruwan ya riƙa zuba cikin tumbi. A shekarun 1980 masu leƙe suka fara yin wannan daga ciki, kuma sharaɗinsu shi ne sai tudun ya fito sosai, domin shi ke nuna inda za a huda. Inda ya fi turowa nan jakar ta fi mannuwa da bango. Na'urar sikanin ta cikin tumbi ta kawar da wannan sharaɗi, tunda tana nuna jakar ko ba ta turo ba, tana kuma nuna jijiyoyin da za a kauce wa, sai a saka ɗan bututu ya haɗa su, majiyyaci ya koma gida cikin 'yan kwanaki. A asibitocin da na'urar ba ta kai ba, likitan tiyata ne har yanzu ke yin aikin da wuƙa, kuma sakamakonsa yana da kyau idan an bar jakar ta nuna kafin a taɓa ta.